Zaren Kaset ɗin Bola

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya na fara ganin kwamfuta, a Funtua, a gidan maƙwabtanmu. Yarbawa ne masu sayar da atamfa. 'Yarsu Bola a nan aka haife ta, ajinmu ɗaya, in faɗa ya tashi Hausarta ta fi tawa kaifi. Yayanta da ke karatu a Ingila ne ya kawo mata: wata 'yar baƙar aba mai maɓallai, ba ta fi faranti ba. A talabijin ake jona ta, wasan kuma yana cikin kaset irin na waƙa. Sai a sa shi a rikoda ya yi ta kuka kamar gyare, a jira har a gaji, sannan hoto ya fito.

Wasan da muka fi so na wata kaza ne mai tsintar tsaba, shaho yana kawo mata sura. Kazar ko kama da kaza ba ta yi sosai, amma in shaho ya ɗauke ta har ihu muke yi.

Da talabijin ɗinsu ta lalace sai wasan ya dawo gidanmu. A bakin ƙofar falon ne Iya, kakata ta wajen uba, take zama bayan magariba, kusa da murhu, tana kaɗin auduga. Da ta ji kaset ya fara kuka sai ta ce, "Ku bar gyarenku ya gama, ku matso ku ji ta baki." Tatsuniyoyi da yawa a wannan jiran muka ji su.

Da Kirsimeti ta zo su Bola suka tafi garinsu. Ta bar mini kwamfutar, ta ce, "Hadiza, amana. Kaset ɗin nan babu irinsa ko a Kaduna."

Kwana biyu da tafiyarsu rikoda ta cinye shi. Na fizgo, zaren ya biyo hannuna a cukurkuɗe. Na cusa shi ƙasan akwatin kayana. Kwana uku tuwo ba ya wuce mini. Har addu'a na yi Allah Ya sa su Bola su zauna can kada su dawo, sannan na yi kuka don na yi addu'ar.

A rana ta uku Iya ta kira ni. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce in zauna ga wata tatsuniya tafe. Wai wata yarinya ce ta ari allura wajen ƙawarta, allurar ta faɗi cikin rairayi ta ɓace. Kunya ta hana ta faɗa. Sai ta daina bi ta ƙofar gidan ƙawar, in za ta rijiya ta zagaya ta cikin ƙaya. Damina ta wuce, rani ya wuce, ƙafafunta duk suka tsage. Ran nan suka yi kiciɓis, ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Ƙawar ta ce, "Allura? Ai ranar na tsince ta. Ke nake ta nema."

Iya ta ajiye mazarinta ta ce, "To, ɗauko mini allurar taki."

Na ɗauko kaset ɗin na miƙa mata. Ta juya shi a hasken wuta ta yi tsaki. "Wannan ne ya hana ki cin tuwo? Ai zare ne, 'yar nan. Tun ba a haifi ubanki ba nake warware zare."

A hankali ta bi shi ƙulli bayan ƙulli, tana miƙar da inda ya lanƙwashe da bayan farcenta. Ta zura tsinken mazari cikin ramin kaset ɗin ta naɗe shi tsaf. Na sa a rikoda. Kukan ya fara, ya ɗan shaƙe a wani wuri, sannan ya ci gaba. Can sai ga kaza. Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba. Ranar malmala biyu na ci.

Amma Iya ta ce sai na gaya wa Bola. Da suka dawo na tare ta tun a ƙofa na faɗa mata. Ta ce, "Lallai ke! Ni sau biyu yana yi mini haka, da biro nake naɗewa. Maki nawa kika ci?"

Shekara bakwai bayan nan su Bola suka koma Ibadan, Iya kuma ta riga mu gidan gaskiya. Na daɗe ina ɗauka gyaran kaset ne alherin da ta yi mini. Sai da na girma, na ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun shekara ba sa gaisawa a kan abin da magana ɗaya za ta kashe, sannan na fahimta. Ni kaina na taɓa ɓata wa ƙanwata rai, na kama kaina ina sauya hanya don kada in bi ta layinsu. Na tsaya a bakin titi, na juya, na je na yi sallama. Muryarta na ji daga ciki tana cewa, "Yaya, shigo mana, abinci ya kusa."