Sandar dashen Baffa

Jiya da rana ina laluben takardun aikina a ƙarƙashin gado, sai hannuna ya taɓo sandar dashen Baffa, ƙanin mahaifina. Shekara tara da rasuwarsa, amma busasshiyar laka tana nan manne a tsininta.

Sati uku ke nan da kamfanin auduga ya sallame mu. Na yi shekara ashirin da shida a ofis a Garwa. Yanzu duk inda na kai takarda, sai a dubi furfurata a ce za a neme ni. Ko tukunya matata ta ɗora, gabana sai ya faɗi.

Masakwa, dawar rani, Baffa yake dasawa a wajen Kaele idan damina ta wuce. Na taɓa kai masa ziyara sanye da farar riga. Na same shi ba takalmi, a baƙar ƙasa mai warin danshi, yana soka sanda, ya tsiyaya ruwa a ramin, ya sa dashe. Ya miƙo mini sandar.

"Riƙe, ɗana. Koya tun ina raye."

"Baffa, rigata za ta ɓaci."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "To, zan ajiye maka."

Ya kuwa ajiye. Gonar tana nan, dashe saura wata guda. Ban san zurfin ramin ba, ban san yawan ruwan ba, ga bayana yana ciwo. Wa zan tambaya?

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya sanyaya makwancinka. Ni kuma ya sa hannuna ya tuna abin da idona ya gani ranar nan.