Malam Jaji, Masinjan da Ke Farautar Mai Beli

Kowace safiya, kafin alƙali ya iso, Malam Jaji ya riga ya share kotu, ya goge kujeru, ya jera takardu. Daga nan sai ya zagaya bayan ginin, inda motar 'yan sanda ke sauke waɗanda aka kamo, ya sa ido a tagar ɗakin da ake ajiye su. Ba ya tambayar kowa abin da ya yi. Tambayarsa ɗaya ce: "Kai ɗan wane ne, kuma wa zai zo maka?"

Shekara talatin da biyar yana masinja a ƙasar Kankiya, ranar Jumma'ar nan zai yi ritaya. Aikin da aka ɗauke shi dominsa kai sammaci ne. Wanda ya ɗora wa kansa kuwa shi ne bin ƙauyuka a kan tsohon babur, yana nemo wanda zai tsaya wa samarin da aka kama da ƙullin wiwi ɗaya a aljihu.

Ni uwa ce, ɗana bai wuce shekara huɗu ba, kuma na tsani wiwi. Shi ma Malam Jaji bai taɓa cewa abin kirki ne ba. Abin da yake faɗa shi ne, mai ƙulli ɗaya da mai buhu bai kamata su kwana ɗaki ɗaya ba. Ya ga yara da yawa sun shiga gidan yari da laifin shan hayaƙi, sun fito sun iya fasa shago.

Kai ne ka gane abin da masu manyan takardu ba su gane ba, Baba Jaji. Mutanenmu ba rashin ƙauna ke hana su zuwa kotu ba, kunya ce. Uba ba ya ko kiran sunan ɗan farinsa, balle ya miƙe gaban jama'a ya ce nawa ne. Shi ya sa kake tsallake gidan uban, ka tafi wurin kawu. Mutanen Tafashiya da Ƙofa shaida ne: sau nawa ka goyo wani dattijo da rawaninsa, ka koya masa a hanya yadda zai ce "Allah ya gafarta Malam, ni zan riƙe shi."

Amma ba kullum ake dacewa ba. A farkon daminar bana aka kawo Kamilu daga Kunduru da ƙullin tabar wiwi ɗaya, manomi ne, matarsa Zuhura tana goyon ɗiya 'yar wata biyar. Kawunsa ya rasu bara, don haka Malam Jaji ya nufi uban, Malam Abdulbaƙi. Ya same shi yana gyaran kalmensa na noma a ƙofar gida.

"Malam, yaron nan naka..."

"Wane yaro?"

"Haba Malam, mijin Zuhura."

"Wanda ya ba shi tabar ya je ya amso shi."

"Mai tabar ai yana gida yana shan fura. Sa hannu kawai za ka yi, ba a ce ka yi mashi kirari ba."

Dattijon bai ɗago kai ba. Ya ce, "Jaji, da wace fuska zan shiga masallaci?"

Sau uku yana komawa. A na ukun, uban ya shiga ciki ya fito da bargo da ƙullin garin kwaki, ya ɗaure a bayan babur ɗin da hannunsa, bai ce a kai wa wane ba. Zuhura ta zo kotu da goyonta ta ce ita za ta tsaya, aka ce sai magidanci mai gona. Aka ɗage shari'ar zuwa bayan kaka.

Malam Jaji ya sha roƙon lauyoyin da ke zuwa daga Katsina su kai kukansa gaba: a sassauta wa mai ɗan kaɗan, a sa shi sharar kasuwa ko asibiti, a haɗa shi da likita, ya kwana gidansa. Sukan yi dariya su ce, "Baba, sai ka tsaya takara."

Mun gode, Baba Jaji, gatan wanda danginsa suka sunkuyar da kai. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai albarka. Masu yin doka, ku dubi wannan magana. Iyaye kuma, in an kama naku, ku haɗiye kunyar ku je, don masinjan da zai zo yanzu sammaci kawai zai kawo muku.

Jiya Zuhura ta tare Malam Jaji a bakin kasuwar Kankiya, hannunta duk kanta saboda noman da take yi ita kaɗai. Ta ce, "Baba, ranar da za a sake fito da shi, kana nan?"

Ya daɗe yana kallon ɗiyar da ke bayanta, sannan ya ce, "Zan zo, 'yata. Sai dai a benci zan zauna, kusa da ke."