Motar Ƙarshe a Jerin Gwano

Duk wanda ya san Neville Goliath a garin Wellington ya san hannunsa ya iya ƙarfe, bakinsa kuma bai iya lallashi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana walda a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, kuma a cikinsu babu shugaban da bai taɓa faɗa wa magana ba. Mahaifinsa lebura ne a gonar inabi, a kan keke ya ƙare rayuwarsa, zuwa aiki, zuwa coci, zuwa jana'iza. Shi kuwa Neville tun yana ƙarami mota yake so, kuma ba irin wadda ake shiga shago a saya ba.

Akwai wasu ƙananan motocin gudu da mutum ke haɗawa da hannunsa. Kujera biyu ce, ba rufi, ba ƙofa, ga ta ƙasa-ƙasa har kana iya miƙa hannu ka shafi kwalta. Yawancin mutane a akwatuna suke sayen kayanta, su zo gida su ɗaure. Neville ya ce shi ba zai sayi abin da zai iya ƙerawa ba. Da kansa ya yanka bututun ƙarfe ya yi waldar gangar jikin, ya ciro inji daga wata tsohuwar a-kori-kura a wurin 'yan gwangwan, matarsa Mavis ta ɗinka masa rigar kujeru da keken ɗinkinta. Shekara tara yana abu ɗaya a gareji bayan gida. Ranar da ya fito da ita, koriya shar, Mavis ta zagaya ta sau biyu ta ce, "To, ga kwalekwale. Saura ruwa." Sunan ya bi motar.

Da ita ya shiga ƙungiyar masu irin waɗannan motoci. Lahadin farko na kowane wata suna haɗuwa a wani gidan mai da ƙarfe bakwai, a sha kofi a tsaye, a buɗe murfin inji a yi ta musu, sannan a kama hanya a jerin gwano, a hau tsaunuka a gangara, a ƙare a wata gona a ci abinci. Sau biyu a shekara sukan tafi tun Asabar su kwana. A fitarsa ta uku wata mota ta mutu a tsakiyar hawa, Neville ya tashe ta da guntun waya cikin minti goma. Daga ranar shugaban ƙungiya, wani likitan haƙori mai suna Gerhard Loubser, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Oom Neville, daga yau kai ne a ƙarshen layi. Duk wanda ya maƙale, kai ne gatansa."

Oom ɗin, wato kawu, ya yi masa daɗi a kunne, aikin ma ya ɗauke shi girma. Bai san shekara goma sha huɗu zai yi yana shaƙar hayaƙin mutane ba. Kullum akwatin sifanu na bayansa. Kullum sai an gama ci yake isowa, hannu duk baƙin mai, ya tarar da nama ya huce, maiƙo ya daskare a faranti. Ya yi ta mita, mita kuwa ba kaɗan ba, amma bai taɓa wuce motar da ta tsaya ba. Ya ja mutane da igiya cikin ruwan sama. Ya taɓa kwanciya ƙarƙashin motar wani lauya a kan tsakuwa mai zafi, lauyan na zaune a inuwa yana waya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne sababbin shiga. Tsofaffin 'yan ƙungiya, ko da likitoci ne, sun san ƙunar salansa a hannu. Waɗannan kuwa wani suke ba wa ya haɗa musu, su zo da safar hannu ta fata, ba su san inda ake duba baƙin mai ba. Gudu kawai suka sani. A cikinsu babu kamar Craig Whitfield, dillalin gidaje, mai rawayar mota da babbar dariya. Ya taɓa goga madigadinsa na hagu, wato murfin saman taya, a jikin ƙofar gida, Neville ne ya liƙe masa, ya ƙara masa ƙarfe ta ciki, ya fesa fenti.

Wata Lahadi ce a watan Maris, lokacin tsinkar inabi. Mota ashirin da uku suka taru, za su Tulbagh. Mavis ta biyo shi ranar, ta ɗaure hularta da gyale don iska. Kafin a tashi Neville ya buga tafi ya ce, "Ku saurara. Hanyar da za mu bi ta ratsa gidajen 'yan aikin gona, kuma lokacin coci ne. Mutane na tafiya a bakin titi. A rage wuta."

"An ji, Fasto," in ji Craig. "Kai dai ka lallaɓo da kwalekwalenka, za mu rage maka ƙashi."

Aka yi dariya. Gerhard ma ya yi, ya ɗaga hannu, aka tayar da injuna.

Neville ya tsaya sau ɗaya a hanya ya ɗaure wa wani bututun ruwa, don haka ya yi kusan minti goma a baya. Yana shan wata kwana bayan gangara ya hangi taro a bakin titi, mata ne galibi, da fararen riguna da baƙaƙen huluna na coci. Keke na kwance a cikin ciyawa, tayar gaba ta lanƙwashe. Ya taka birki.

Bai gama fitowa ba wata mata ta sauke lema a kan murfin injinsa, ta ƙara.

"Ku ne! Ga wani nan! Ku ne, marasa tsoron Allah!"

"Baiwar Allah, tsaya. Me ya faru?"

"Tambaya ma kake yi? Zo ka gani!"

Wani tsoho ne kwance a cikin kwalbati, sanye da kwat ɗin Lahadi, ƙafarsa ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Jafta Baartman sunansa, shekararsa saba'in da biyu, duk a gonar da ke tsallaken titi ya yi su. Ba ya ihu, haƙoransa kawai yake cizawa, yana tambayar ina hularsa. Mavis ta durƙusa ta tallafe kansa, ta warware gyalenta tana share masa jinin goshi.

Matar mai lema ta ce motoci biyu ne suka taho kafaɗa da kafaɗa suna tsere, rawayar ta kwashe shi. "Kuma ba wannan ne ya ƙona min rai ba," in ji ta. "Na tsaya a tsakiyar hanya ina ɗaga hannu. Na bayansu suka riƙa kauce min ɗaya bayan ɗaya kamar na zama rami. Wani har hon ya yi min. Hon!"

Neville ya yi lissafi a ransa. Craig ne na uku a layi da aka tashi. Bayansa akwai mota goma sha tara ban da kwalekwale, kuma babu wadda Neville bai taɓa kwanciya a ƙarƙashinta ba. Ya san matansu, ya ci a gidajensu. Ya dubi takalmin tsohon, an goge shi tas, an sa masa sabuwar roba a ƙasa, irin yadda mahaifinsa ke yi. Can gefe ya ga wani ɓallin rawaya a kan tsakuwa, girman faranti. Ya ɗauka ya juya shi. Ga ƙarfen da ya ƙara ta ciki, ga waldarsa.

Sun jira motar asibiti kusan awa guda. Da ta zo, Mavis ta ce za ta bi tsohon. Ta riƙe hannun mijinta ta ce, "Neville, na san fuskar nan. Kada ka daki kowa."

"Ba zan taɓa kowa ba."

"Rantse."

Bai rantse ba. Ya shiga mota.

A gonar da aka sauka, motocin na jere a kan ciyawa, ta Craig ce kawai aka kai bayan rumbu, hancinta na kallon bango. Mutane na zaune a dogon teburi ƙarƙashin itatuwa, ga gasasshen naman rago, ga burodi mai zafi, amma hirar ba ta tashi kamar kullum. Gerhard na ganinsa ya taso da sauri.

"Oom Neville, zo mu ɗan keɓe."

Neville ya wuce shi. Ya je daidai inda Craig ke zaune ya saki ɓallin a cikin farantinsa. Romo ya fantsama a rigar Craig.

"Ka yar da kayanka a hanya."

Craig ya dubi abin, ya dubi mutane. "Dutse na taka, Oom. Ban ma lura ba sai..."

"Dutsen sunansa Jafta Baartman. Yana sanye da kwat, za shi coci. Ƙugunsa ya karye. Matata na cikin motar asibiti da jinin dutsen nan a gyalenta. Sake faɗa min dutse ne, in ji."

Craig ya goge romon da ke rigarsa.

"Shi ya faɗo min," Craig ya ce a hankali. "Mutanen nan ba sa duba hanya."

"Waɗanne mutane? Faɗi mana. Waɗanne mutane? Ni ma cikinsu nake, shegen banza! Ubana ne kwance a kwalbatin nan!" Ya juya ga teburin gaba ɗaya. "Shi wannan na san wawa ne tun ranar da ya zo. Ku fa? Kai, Hennie, na ja ka kilomita arba'in da igiya. Kai, lauya, na bar fatar bayana a tsakuwa saboda kai. Mace ta tsaya tsakiyar titi tana ɗaga muku hannu. Goma sha tara! Ko ɗaya babu mai birki?"

Hennie, wani tsohon malamin makaranta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ɗauka... na san kana baya, Neville. Na ce za ka tsaya."

Wannan maganar ta fi duka zafi, don gaskiya ce. Neville ya juya gare shi.

"Wato abin da na zama ke nan. Tsintsiya. Ku zubar, in share."

"Oom," Gerhard ya sa baki, "za mu gyara abin nan a cikin gida. Za mu kula da tsohon, na yi alkawari. Amma in 'yan sanda suka shiga, sunan ƙungiya ne zai ɓaci, su hana mu fita a jere gaba ɗaya. Ka yi tunani."

"Na yi tunanin tun daga can har nan, Likita. Kilomita talatin ina yi."

Ya zare ɓallin daga faranti, da romonsa da komai, ya tafi ofishin 'yan sanda na Tulbagh. Ya ba da sunan Craig, ya ba da lambar mota, sannan ya zauna ya rubuta sunayen mutum goma sha tara bi da bi, yadda suke a layi. Ɗan sandan ya ce waɗannan ba lallai ba ne. Neville ya ce shi a wurinsa lallai ne.

Bayan mako uku ƙungiya ta kira taro a kansa, ba a kan Craig ba. Laifinsa shi ne zagin 'yan uwa a bainar jama'a da fitar da maganar cikin gida waje. Ya je da rigar ƙungiya a cikin leda. Bai bari an kai ga ƙuri'a ba, ya ajiye musu ledar a teburi ya ce su nemi wata tsintsiyar. Hennie ya biyo shi har wurin mota yana ba shi haƙuri. Daga baya shi da wasu mutum biyu suka fice, sukan zo gidan Neville su yi ɗan zagayensu su huɗu. Ya yarda yana fita da su, amma ya shekara bai bar Hennie ya manta ba.

Shari'a ta ja wata goma sha ɗaya. Neville bai fasa zama ko ɗaya ba, da matar nan mai lema a gefensa. An ci Craig tara, aka karɓe lasisinsa na ɗan lokaci. Kafin shekara ta zagayo ya sayi wata motar, ja. Oom Jafta ya tashi, amma da sanda, kuma bai sake hawa keke ba. Neville ya taɓa cewa zai kai shi coci a kwalekwale. Suka yi ta fama a ƙofar gida, ƙugun ya ƙi lanƙwasuwa, tsohon ya yi dariya har da hawaye ya ce a ƙyale shi, wannan akwatin gawa ne mai taya. Neville bai yi dariya ba. Ya ja motarsa ya koma gida shi kaɗai.

Bara, wata Asabar da rana, waya ta yi ƙara yana cin abinci. Gerhard ne. Ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi Mavis, sannan ya ce mota uku sun mutu musu a fitar da ta wuce, kuma babu wanda ya san kan injin. Ya ce abin da ya wuce ya wuce.

"Ka taɓa zuwa ka ga tsohon?" in ji Neville.

Gerhard ya ce bai je ba.

"To, ka san gonar. Gida na huɗu daga titi, mai shuɗiyar ƙofa. Ka je, ka zauna, ka faɗa masa kai ne na farko a layi kuma kai ka ce a rufe maganar. In ka fito ka kira ni."

Ya kife wayar. Mavis ta tambaye shi ko yana ganin Gerhard zai je.

"Ina fa," in ji Neville. Ya ture farantin, ya tashi ya nufi gareji.