Ragon Sunan da Ya Tsallako Iyaka

Abubuwa da yawa sun faru da ni a zaman da na yi a Riyad, wasu tuni sun gushe daga raina. Amma ranar sunan ɗana na fari ba na jin zan manta da ita, ko da tsufa ya kai ni ga manta inda na ajiye carbina.

Ni 'yar Jibiya ce, maigidana kuwa ɗan Maraɗi. Direba ne a wani kamfani, shi ya yi mini iƙama, wato takardar izinin zama, ya ɗauko ni, muka zauna a ɗaki da falo a bayan kasuwar Batha. Irin aurenmu ba abin mamaki ba ne a wajenmu. Mahaifina manomin shinkafa ne, surukina kuma ɗan kasuwa, yana kawo wake da albasa da dabbobi kasuwar garinmu, ya koma da masara da atamfa. A zauren gidanmu yake sauka, kamar yadda mahaifinsa ya riƙa sauka wajen kakana tun zamanin da ake kawo kanwa a kan jakuna a koma da goro. Ina ƙarama ban san Maraɗi a wata ƙasa daban take ba, na ɗauka unguwa ce mai ɗan nisa.

A duk Riyad ɗan'uwa ɗaya gare ni, yayana, wanda yake aikin gini a Dir'iyya. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo, in tuƙa tuwo da miyar kuka, su ci a kwano ɗaya da maigidana suna zolayar juna. Ba su taɓa samun saɓani ba sai da zaɓen Nijeriya ya matso.

Yanzu da nake tunawa, kowannensu yana da dalilinsa. A shekarun nan an sha rufe iyaka ana buɗewa. Rufewar ta ɗaga darajar shinkafar gida, har mahaifina ya yi wa gidanmu rufin kwano, ya kuma biya wa Yaya kuɗin tafiya. Ita ce kuma ta durƙusar da surukina, don akwai lokacin da albasarsa mota guda ta ruɓe a bakin iyaka yana kallo. Saboda haka Yaya yana bayan ɗan takarar da ya ce zai ƙara tsaurara iyaka, maigidana kuma yana fatan wanda ya ce zai buɗe ta. Abin dariyar shi ne babu mai jefa ƙuri'a a cikinsu. Ɗaya ba ɗan ƙasa ba ne, ɗayan kuma yana can wata duniya yana ɗora bulo.

Ana cikin haka na haihu, suna ya faɗo ranar Juma'a, ana gobe zaɓe. Da Yaya ya zo barka bayan ya tashi aiki, ina kwance a ɗaki na ji hira ta koma siyasa, muryoyi suna ta hawa.

"Wai ni kam, ina ruwan biri da gada?" in ji Yaya. "Zaɓenmu ne ko naku?"

"Yaya, ai in kun rufe ƙofarku, murhun gidanmu ne ke mutuwa."

"Ku da kuke shigo mana da shinkafar waje kuna karya manoma? Ranar zaɓe kuma ku tsallako ku dangwala."

Maigidana mutum ne mai sanyi, amma ranar ya kasa haɗiyewa. Ya ce, "Lokacin da albasar mahaifina take ruɓewa, ai ku rufin kwano kuke yi."

Na ji Yaya ya miƙe ya ce, "Tunda kwanon gidanmu ya tsaya maka a rai, ka yi sunanka da 'yan ƙasarku." Ya fita, ko leƙowa bai yi ya ce mini sai an jima ba.

Wanda bai taɓa jego a ƙasar wani ba, ba zai gane abin da na ji ba. Babu uwa kusa, babu gwaggo, ga wanda nake kallo a matsayin dangina duka ya yi fushi. Na kira mahaifiyata ina kuka na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama, ta ce in share hawayena in sha kunu, kada nono ya ɗauke.

Dama an shirya a Jibiya za a yi yanka, surukina zai kawo rago. Sai aka ba da sanarwar rufe iyaka saboda zaɓe. Maigidana ya ce ba komai, a yanka a Maraɗi. Ya faɗa kamar bai damu ba, amma na ga ko abincin kirki ba ya ci.

Ranar Juma'a da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maigidana ya buɗe, sai ga Yaya ya dire kwalin dabino da na ruwa a bakin ƙofa, ya yi sallama a takaice yana shirin juyawa. Nan take wayarsa ta yi ƙara. Mahaifinmu ne, kiran bidiyo. Daga ɗaki nake jin muryarsa.

"Kai, kana ina?"

"Ina ƙofar gidansu, Baba."

"Ƙofa? Sun hana ka shiga ne? Shiga, ka kira mini mai jego da mijinta."

Babu yadda ya iya. Muka zauna a falo mu uku, jariri a cinyata, muka zuba wa waya ido. Zauren gidanmu ne. Ga Baba a kan tabarma, ga surukina kusa da shi ya tsoma ƙafafunsa a cikin roba da ruwan ɗumi. A bayansu an ɗaure wani ƙaton rago balami fari yana ta cin harawa.

Maigidana ya kusa faɗuwa daga kujera, ya dubi mahaifinsa. "Baba, ta ina kuka bi? Da wannan hali da daji yake ciki?"

"Ta inda ubana yake bi," in ji surukina. "Burtalin yana nan, ba a tashe shi ba. Na bi manoman da suke da gonaki a ɓangaren nan. Jikana na fari, a ce ragonsa bai iso gidan kakansa ba?" Ya waiga ya dubi ragon. "A hanya na tambaye shi wa zai zaɓa, ya ce shi dai ba ya jin zai kai gobe."

Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na zuba. Na ga bakin Yaya yana motsi yana ƙoƙarin danne tasa.

Baba ya karɓi maganar. "Gobe da sassafe zan je in dangwala wa nawa. Wannan tsohon kuwa tun jiya yake roƙon Allah ya kayar da shi. A kan buzuna yake roƙon, da butata ya yi alwala." Sai ya gyara zama, murmushin ya ragu; ashe mahaifiyata ta faɗa masa komai. "Kai babba, da kai nake. Shekarar da fari ya cinye mana gona kana goye, geron gidan mutumin nan aka dama maka. Da iyaka ta karya shi, shinkafata aka ci a gidansa. Ba mu taɓa zama mun ƙidaya ba. Wannan ɗan takarar da kuke faɗa a kansa, ya san an yi haihuwa a gidan ƙanwarka?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Bai sani ba, Baba."

Surukina ma bai bar nasa ɗan ba. Ya ce, "Kai kuma, ka iya bakinka. A ƙarƙashin kwanon nan na kwana jiya, kuma na yi barci mai daɗi."

Muna kallo liman ya zo, aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka ja rago waje. Da aka kashe waya sai maigidana ya ɗauki jaririn daga cinyata ya ɗora wa Yaya a hannu, ya ce, "Kawu, a yi mana afuwa, a sa masa albarka."

Yaya ya daɗe yana kallon fuskar yaron, ya tofa masa addu'a. Sannan ya ɗago ido jajur ya ce, "Ni ma a yafe mini. Amma fa nawa ne zai ci."

"Allah ya kiyaye," in ji maigidana.

Tare suka tafi masallaci. Da suka dawo falonmu ya cika da mutanen Maraɗi da Damagaram da Katsina, aka ci tuwo da kabsa, dafa-dukan Larabawa, Yaya ne ma yake ta zirga-zirga da faranti.

Zaɓe ya zo ya wuce, ɗaya ya yi murna ɗaya ya yi tsaki. Bayan nan an sake rufe iyakar, an sake buɗewa. Surukina Allah ya yi masa rasuwa, kuma mahaifina na cikin waɗanda suka sa shi a kabari a Maraɗi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba laifi ba ne kowa ya so wanda yake ganin zai gyara masa tukunya. Mutum biyu suna iya saɓa wa juna a kan ƙuri'a har ƙarshen rayuwarsu su kuma ci a kwano ɗaya. Mai mulki wa'adi gare shi, yana cika zai sauka. Maƙwabci kuwa yana nan, shi zai zo maka suna, shi zai raka ka makwanci.