Idanun da Ƙasimu ya buɗe

Ƙasimu ɗan masu tsinkar auduga ne a yankin Jazira, amma shekara arba'in ya yi a kasuwar Umdurman yana sassaƙa icen gabaruwa. Raƙuma yake yi, da kadoji, da tsofaffi masu rawani. Duk abin da ya sassaƙa ba ya buɗe masa ido, wurin idon sumul yake barinsa. Mahaifinsa ne ya gargaɗe shi cewa abin da ka ba ido, ranar ƙiyama za a ce ka ba shi rai.

Maƙwabcin rumfarsa, Almahdi, shi ma masassaƙi ne, sai dai bakinsa ya fi hannunsa kaifi. Yakan rubuta baitoci a kan Ƙasimu ya karanta wajen Khadiga mai shayi.

"Ƙasimu sarkin makafi," in ji shi, "raƙuminsa sai da ɗan jagora!"

Mutane su kwashe da dariya, Ƙasimu ya kurɓi shayinsa. Shekara tara ana haka.

Ranar da ya ji jikarsa Lami tana rera baitin a tsakar gida, sai ya ɗauko gungume. Kwana shida ya fitar da kan Almahdi, har da tabon goshinsa. Sannan ya buɗe idanun.

Almahdi ya zo da rana tsaka, ya tsaya gaban abin har aka kira la'asar.

"Ɗan'uwa, ka fi ni," ya ce, ya fita yana laluben ƙofa.

Kafin wata uku ganinsa ya tafi. Likita a asibitin Soba ya ce ruwa ne ya sauka a idon. Ƙasimu ya je gaishe shi a unguwar Hajj Yusuf, ya ce gobe zai ƙone kan da ya sassaƙa.

"Kada ka soma," in ji Almahdi. "Kuma ka daina rufe shi da buhu, duhu yana damuna. Jiya ka yanke yatsa, ka goge jinin a jallabiya."

Ƙasimu ya dubi yatsansa. Babu kowa a rumfar sa'ad da ya yanke.

Daga ranar bai sake taɓa gizago ba, ya koma gyaran ƙafafun gadaje. Kowace safiya yakan goge wa kan ƙura, ya ajiye shi bakin rumfa yana fuskantar titi, shi kuma ya zauna ta bayansa.