Igiyar Gaba ta Alhaji Moshood

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Moshood tela a gidansa da ke Fagge.

Alhaji, ni ne Goni, kuma ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina jin ƙyashinka.

Tare muka fara zagayen balan-balan na washegarin ƙaramar Sallah. Ni na kawo shawarar a bakin shagonka. Kai ka ɗinka ƙaton kifin farko da leda, ni na karaɗe Sabon Gari har Madam Nneka mai kayan biki ta ara mana tukunyar iskar hurawa. Da guda uku muka fara. Bara sai da masu adaidaita suka tsaya cak a shataletalen Bata, balan-balan arba'in suna wucewa ta samansu. Amma duk gari "zagayen Moshood" ake cewa, don kai ke riƙe igiyar gaba, kai ake wa tafi, kai ake ɗauka hoto. Ni kuwa ina can ƙarshe, ina warware igiyoyin da suka maƙale a rumfuna.

Alherinka ma haushi yake ba ni. Shekarar da raƙumin da na ɗinka da hannuna ya fashe a gaban jama'a, cewa ka yi zaren da ka ba ni ne ruɓaɓɓe. Na san rufa mini asiri ka yi, kuma ban gode maka ba.

Ranar sadakar uku maiɗakinka, Hajiya Fausat, ta miƙo mini igiyar gaba. Allah Ya yafe mini, raina ya yi fari. Sai ta ce, "Malam Goni, ya ce a ba ka. Duk shekara in ya dawo sai ya ce kai ne ka more. Shi titi kawai yake gani, kai kuwa kana baya kana kallon su duka a sama. Bai taɓa ganin zagayen nan ba ko sau ɗaya."

Bana ni zan riƙe igiyar gaba, ni zan ba su baya, Alhaji.

Ina yi wa Hajiya Fausat da 'ya'yanka, Akeem da Kaosarat, ta'aziyya. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya nuna maka abin da ya fi wanda ka bar mana mu kalla.