Ranar da Baba Ya Matsar da Inna Gefe

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Farin ƙyalle a bango, fitila biyu, kujera ɗaya. Duk unguwa Ɗago-Kai ake kiransa, don ba mai zama a kujerar nan bai ji "Ɗago kai, daidaita kafaɗa, ban da dariya" ba. Mu 'ya'yansa ma ba mu tsira ba. In ka ga hotunan gidanmu sai ka rantse 'yan sanda ke nemanmu.

Bayan ya haura sittin, kwatsam ya shiga ajin koyon hoto na ranar Asabar. Takardar shaida yake so ya rataya a shago, har ƙusa ya buga mata tun kafin a fara karatu. Aikin farko da aka ba su shi ne hotuna biyar a kan yadda ake tsara abu cikin hoto. Baba ya ce aikin minti goma ne. Ya ɗauki hoton buta, da keken maƙwabci, da rediyo, da kyanwarmu, da Inna, kowanne a tsakiya cif, gaban farin ƙyalle. Kyanwar ma sai da ya sa na ɗaga mata haɓa.

Malamar ajin, wadda ko shekaruna ba ta kai ba, ta dawo masa da aikin da jan biro: "Baba, haske ya yi kyau, amma duka fasfo ne. A matsar da mutum gefe, a bar fili a inda yake kallo. A sake kafin Asabar, in ba haka ba babu takarda."

Ranar mun sha faɗa. "Ni za a koya wa hoto? Tun ba a haife ta ba nake wanke fim! A sa mutum a gefe, to tsakiyar wa aka bar wa?"

Inna tana kan keken ɗinkinta ta ce, "Malam, ka sake kawai mu huta."

Wallahi ya yi ƙoƙari. Sai dai da ya matsar da kyamara, sai hannun ya dawo da ita tsakiya da kansa. Da ƙyar da gumi ya haɗa huɗu zuwa Alhamis. Na Inna ne ya gagara. Da ta hango kyamara sai ta miƙe wuya, ta daidaita kafaɗa, ta haɗiye murmushi.

"Haba, saki jikinki mana!"

"Kai ka koya mini, Malam."

Ran Juma'a da yamma ya rufe shago ransa a ɓace, ya shigo ta ƙofar baya don kar kowa ya tambaye shi labarin aikin. Ina wanke-wanke na ga ya tsaya cak a bakin kicin. Inna ce a ɗaki, ta ɗauke ƙafa daga keke, zare a bakinta, ta zuba wa ƙofar gaba ido tana ɗan murmushi. Bai samu damar gyara komai ba, ya ɗaga kyamara ya danna daga inda yake tsaye.

Hoton ya fito da Inna can a gefen hagu. Sauran filin duk ƙofa ce, da silifas ɗinsa na zaman gida an jera masa su a bakinta.

Ya ce, "Me kike kallo haka?"

Ta juyo a firgice. "Au, ta baya ka shigo? Biyar ta yi, ai kai nake jira. Kullum ma haka nake."

Baba ya sauke kyamara. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma sai da na goge nawa da bayan hannu, duk kumfa.

Malama ta karɓi aikin, takarda kuma ta fito. Tana nan cikin durowa har yau, don hoton Inna ne a jikin ƙusar.